Littafin Ruwan Sama na Malam Sabo

Unguwar Shifa, Riyad
Talata, bayan azahar

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ko da yake yau kwana goma sha ɗaya muna sa hannu a faranti ɗaya ba ka ce mini ko "miƙo gishiri" ba. Allah Ya tsare mini kai a sama da ƙasa, Ya sauke ka Kano lafiya jibi, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da masu hali irin na ubanka a ranar Juma'ar nan.

A mota nake rubuta wannan, a gindin katangar asibitinmu, na kunna sanyi na ɗora takarda a kan sitiyari. In ka ga layin ya karkace kada ka zargi sitiyari, aji biyu na sakandare ne, nan jirgina ya tsaya. Da gangan na yi da Hausa. Na san Larabci ya fi zama a bakinka, amma ni ban iya jin kunya da Larabci ba. Kalmar da ta gagare ka ka tambayi na kusa da kai a jirgi, sai dai kada ka miƙa masa takardar duka.

Jibi za ka fita da huruj niha'i, fitar da ba a dawowa a kan iƙamata, takardar izinin zamana. A garin nan aka yanke cibiyarka, babu lungun kasuwar Utaiƙa da ba ka sani ba, amma takarda ta ce ka yi girma kuma kai baƙo ne. To alhamdulillahi jami'a ta ɗauke ka a gida, za ka karanta tarihin yadda kimiyya ta taso da yadda mutane suka fara auna mulki da hankali. Ummanka ta tambaye ni wane aiki ake samu da wannan karatu. Na ce mata aikin gardama, kuma ka riga ka kama, albashi ne kawai ba a fara ba.

Bari in maimaita abin da ya faru kamar yadda na gan shi, ka duba ko na rage.

Taron ƙungiyarmu ta 'yan gida, a istiraha, gidan shaƙatawar da muke kamawa haya Juma'ar farkon wata. An ci shinkafar kabsa, ana zuba shayi. Alhaji Mamman, shugabanmu tun kana rarrafe, wanda shi ya haɗa ni da kafilina, ubangidan da nake zaune a ƙasar nan da sunansa, ya gyara murya ya ce an cire Lawal mai gyaran wuta daga ƙungiya. Kada a kira shi suna, kada a kira shi aiki, domin shi ne yake nuna wa hukuma gidajen waɗanda iƙamarsu ta mutu. Lawal ba ya wurin. Kawuna suna ta gyaɗawa, nawa a ciki. Sai ka miƙe.

"Ranka ya daɗe, wa ya gani?"

Alhaji ya ce, "Kowa ya sani."

Ka ce, "A faɗi sunan mutum ɗaya da ya gani, Alhaji. A kira Lawal a ji bakinsa, sannan a ɗaga hannu a ƙirga. Shugabancin nan aro muka ba ka, ba gadonsa ka yi ba."

A gefen hagu na hango waya ta ɗago tana kallonka, ana ɗaukar ka bidiyo. Ban san lokacin da na miƙe ina dariya ba, dariyar nan tawa da ake gayyata ta biki saboda ita. Na ce, "Jama'a ku yi haƙuri, karatu ne ya taɓa yaron. Tun watan jiya likita ya ce a riƙa lallaɓa shi." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce Allah Ya ba shi lafiya, aka ce amin. Wayar ta sauka. Ka dube ni, ka ɗauki takalmanka a hannu ka fita, ko sawa ba ka tsaya yi ba.

Haka aka yi ko? To zauna ka ji, domin ba ranar na fara ba.

Ina aji biyu aka kawo mana malamin kimiyya, Malam Sabo, siriri, mai tafiya kamar yana ƙirga tako. A bayan ajinmu ya haƙa ɗan rami ya kafa kwalba da mazurari a bakinta, don auna ruwan sama. Ni nake riƙe masa mazurarin, domin ni kaɗai ne ba na gudu in ya ce wa zai taimaka. Kowace safiya ya zo ya duba, ya faɗi lamba da ƙarfi, ya rubuta a wani littafi mai shuɗin bango. Wata rana ya shigo aji da lemo da ƙwallo da tocila, ya rufe taga, ya nuna mana yadda wata ke shiga tsakanin rana da ƙasa. Ya ce ranar Laraba mai zuwa da hantsi za a yi husufin rana, kowa ya samo fasasshen gilashi ya turara shi da hayaƙin fitila. Muka yi dariya. Ni har na ce, Malam, in an gama za a raba lemon?

Laraba da hantsi rana ta dushe. Kaji suka nufi akurki, mata suka kama salati. Liman ya ja sallar husufi, Malam Sabo yana sahun gaba.

Sai dai a shekarar damina ta yi jinkiri. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Magana ta fara yawo a gari: mutumin da ya san ranar da rana za ta dushe tun ba ta dushe ba, me kuma ya sani? Kwalbar nan da ya binne fa? Kafin mako ya zagayo an gama yanke cewa ruwan garinmu ne ya ɗaure a cikinta.

Aka kira ni zauren hakimi, tun da ni ne mai riƙe mazurari. Ban taɓa ganin manya da yawa haka suna jiran bakina ba. Kakanka, mai sunanka, yana zaune a gefe ya sunkuyar da kai.

"Ka ga ya binne kwalba?"

"Na gani."

"Ka ji yana faɗin wani abu a kanta?"

"Kullum da safe."

"Ka san ko mene ne?"

Babana, na sani. Na san sunan abin da Hausa da Turanci, na ci tambayarsa a jarrabawa, ita kaɗai ma na ci. Na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe." Kuma da na ga fuskoki sun saki, sai na ƙara da kwaikwayon tafiyarsa, ina ƙirga tako ina leƙa kwalba. Zaure ya ɗauki dariya. Malam Sabo yana tsaye a bakin ƙofa. Ba a tambaye shi komai ba. Da ya buɗe baki aka ce an riga an ji.

Cikin mako aka ɗora akwatinsa a mota. Bayan kwana tara ruwa ya sauka, kamar yadda yake sauka kowace shekara in lokacinsa ya yi, gari ya ce to kun gani. Ba a sake turo mana malamin kimiyya ba, ni ma shekara ta gaba na bi motar kawuna na zama yaron direba. Littafin mai shuɗin bango na tsince shi a durowar aji na ɓoye. Ya bi ni Kano, ya bi ni Legas, ya bi ni nan. Ummanka ta daɗe tana zaton wasiƙun wata ne.

Ga nasihata ta farko. Ka ji tsoron ɗakin da kowa ya yarda tun ba a ji mai laifi ba, ka fi jin tsoronsa in kai ma kana jin daɗin zama a ciki. Kuma ka kula da mai ba da dariya. A zauren nan akwai masu sanda, ba su suka kori Malam Sabo ba. Ni ne, da tafiyar kwaikwayo. In ka ga ana dariya an bar tambaya a ƙasa, ka jira a gama, ka sake ɗauko ta.

Kuskure na biyu a nan Riyad na yi shi, kana firamare. Ka san aikina: in bi ƙananan asibitoci in karɓi jinin gwaji a akwatin sanyi in kai ɗakin gwaje-gwaje. A jikin akwatin akwai ma'aunin zafi, akwai takardar da zan rubuta lambar da ya nuna duk inda na tsaya. Satin farko na duba, huɗu. Sati na biyu, huɗu. Sai na ce wannan abu ai ya san aikinsa, me zai sa in riƙa sunkuyo a zafin Riyad? Na koma rubuta huɗu tun daga fitowa gida, har na iya yi mata ɗan lanƙwasa mai kyau.

Wata rana likitar nan 'yar Sakkwato ta kira ni ofis, takardata a gabanta.

"Malam Garba, ranar Litinin mota tana gareji, kai kana gida da mura. Wa ya rubuta huɗu?"

Na ce, "Dakta, na ga layin shi kaɗai ne babu komai, na ce kada ya ji kaɗaici."

Ba ta yi dariya ba. Ita ce mutum ta farko a rayuwata da na jefa wa wasa ya faɗi ƙasa. Ashe wayar akwatin ta tsinke kwana biyu ban sani ba, jinin wata tsohuwa 'yar Sudan ya lalace, sakamako ya fito a karkace, saura kaɗan a canza mata magani. Likita ta ce, "Da ka bar wurin babu komai, da na sake dubawa. Lambarka ce ta sa na kusa ba mutum abin da zai kashe shi." Ba ta kai ni gaban shugaban asibiti ba. Ta sa ni na je da kaina na riƙe wa tsohuwar hannu aka sake ɗibar jinin, tana ta sa mini albarka, tana cewa ɗan kirki.

Da na koma gida na ciro littafin Malam Sabo, na buɗe shi a karo na farko da idon babba. Kwanan wata, lamba. Kwanan wata, lamba. A wasu layukan babu lamba, sai kalma uku da rubutunsa mai tsabta: "Ban duba ba." Kwana uku a jere a wani wuri, na tuna lokacin 'yarsa ce ba lafiya. Babu mai bincikensa a duniya. Da ya rubuta sifiri, wa zai sani? Ai ko ɗigo ba a yi ba a kwanakin. Amma bai duba ba, sai ya ce bai duba ba.

Nasiha ta biyu ke nan. Inda za ka je za a cika ka da manyan sunaye, kai ma za ka so ka cika kowane layi. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, a aji, a gaban budurwa, a gaban ɗalibanka in Allah Ya sa ka zama malami. Ba a mutuwa don an faɗe ta. Ni dai na faɗe ta sau ɗaya a inda na sani, na ƙi faɗinta sau ɗari a inda ban sani ba, ka ga ban taɓa saka ta a gurbinta ba.

Kana zaton ba na sauraro in kana yi wa ƙannenka bayani a kan shayi. Ina ji, idona ne kawai a rufe. Na ji labarin malamin nan na ƙasar Masar da ya shiga ɗaki mai duhu ya huda ƙofa don ya gane yadda haske ke tafiya. Na ji na Baturen da ya goge gilashi ya kalli sama ya ga abin da littattafan manyansu ba su faɗa ba, ya ce ku zo ku leƙa, wasu suka ƙi leƙawa. Na ji yadda Turawa suka yi shekaru suna yanka juna a kan aƙida da sarauta har suka gaji, sannan wasu suka zauna suka ce, shin wai mulkin nan daga ina yake fitowa? Suka ce daga yardar waɗanda ake mulka, a raba shi kada ya taru a hannu ɗaya, kuma kada a hukunta mutum ba a ji bakinsa ba. Ni a ƙaramar fahimtata duk abu ɗaya ne: waɗancan sun tambayi sama wa ya gani, waɗannan suka juyo suka tambayi sarki. In na yi kuskure ka gyara ni bayan shekara huɗu, ka ga kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

Amma ka riƙe biyu daga wurin jahili. Na ɗaya, tambayar nan ba a jirgin Turawa ta zo ba. Ɗaliban hadisin da muke sallah tare a Nasiriyya, in ka kawo musu magana sai sun tambaye ka wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, kuma mai gaskiya ne ko mai mantuwa. Malam Sabo da ya lissafa husufi shi ne a sahun gaba. Kada wani ya ce maka sai ka ajiye sallah a bakin ƙofa kafin ka shiga ɗakin gwaji, kada wani kuma ya ce maka sai ka ajiye hankali tare da takalmi a ƙofar masallaci. Na biyu, kai da bakinka ka ce wasu daga masu rubuta cewa kowa ɗa ne, a lokacin jiragen ƙasarsu suna ɗauke da bayi, jikokinsu kuma suka zo mana da bindiga ba su ce a ɗaga hannu a ƙirga ba. To su ma ka yi musu tambayarka. Kada ka tashi daga gaban Alhaji Mamman ka je ka durƙusa gaban wani Alhajin Turawa mai hular gashi don ya mutu shekara ɗari uku.

Yanzu in dawo Juma'a, inda nake ta kewaye-kewaye kamar mai neman wurin fakin a Utaiƙa.

Na gaya wa Ummanka cewa ceton ka na yi. Akwai gaskiya a ciki. Wayar nan ta ɗago, kuma kalmomi irin "aro muka ba ka" da "a ƙirga hannu", in aka yanko su daga istiraha aka sake su su kaɗai, ba mai tsayawa ya tambaya ko ƙungiyar masu cin kabsa ake nufi. Takardar fitarka ba ta kammala ba a lokacin. Mu baƙi ne, ƙannenka uku suna kan iƙamata. Wannan rabi ne, kuma ina so ka ɗauke shi da muhimmanci: ka san inda kake tsaye kafin ka buɗe baki, a can gida ma akwai wayoyi, akwai masu sanda. Kuma "ba gadonsa ka yi ba" ɗin nan, da ka bar ta a aljihu. Tambayarka ta farko ta ishe shi. Ta ƙarshen ce ta ba mutane dalilin jin haushinka maimakon jin kunyar kansu. Dattijo in ka bar masa ƙofa yakan fita da kansa.

Ɗaya rabin kuma ba don kai ba ne. Na dubi Alhaji na tuna wa ya kai ni wurin kafili. Na dubi mutane na ga suna jiran wanda zai sauke musu nauyi, ni kuwa aikina ke nan tun ina aji biyu. Da don ceton ka ne kawai, da na ja hannunka mun fita. Amma na tsaya na ce ɗana ba shi da hankali, na ƙirƙiro likita, na ji daɗin dariyar. Wannan ne ba na iya haɗiyewa. Shekara arba'in ina ɗauke da littafin mutumin da na yi wa haka, aka sake shimfiɗa mini zauren, aka sa ɗana a bakin ƙofa, na sake yin tafiyar kwaikwayo.

Lawal kuwa ban san ko ya yi ko bai yi ba. Ban duba ba. Abin da na sani, kwana goma sha ɗaya babu wanda ya kira shi ko canza ƙwan fitila, matarsa ta gaishe da Ummanka a kanti Ummanka ta yi kamar tana duba tumatir, ta dawo gida tana kuka.

Ga abin da zan yi. Juma'ar farkon wata mai kamawa, kana can, babu wayar da za ta same ka. Na riga na je gidan Lawal na ce ya shirya, a motata za mu tafi. Bayan shayi zan miƙe in ce ɗana lafiyarsa ƙalau, babu wani likita, ƙarya na yi. Sannan in yi tambayarka, da ladabin da kai ka manta: ranka ya daɗe, wa ya gani? Na yi alkawari ba zan yi dariya ba, kuma wallahi wannan ya fi ba ni tsoro fiye da Alhaji. Mai yiwuwa ya ɗaga waya ya kira kafilina. Mai yiwuwa ka ga ubanka ya sauka Kano da akwatin sanyi a ka, ka sama mini gurbi a ajinku. Na gaya wa Ummanka, ta ce in sa farar jallabiyar.

Kai kuma ga naka. A ƙasan akwatinka, ƙarƙashin dabinon Baffanka, akwai littafi mai shuɗin bango a cikin leda. Malam Sabo yana raye. Baffanka ya binciko mini, yana garinsu wurin 'yarsa, idanunsa sun yi rauni. Kafin ka shiga aji ko ɗaya ka je. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce kai ɗan Garba ne mai riƙe mazurari. Ka ce masa na san mene ne, tun ranar na sani. Kada ka ƙawata, kada ka ce yarinta ce. In ya yafe, alhamdulillahi. In ya kore ka, ka ajiye littafin ka fito, nasa ne. In kuma ya ce ka karanta masa, ka karanta har layukan da babu lamba.

Ban ce ka yi mini magana a filin jirgi ba. Ka sa hannu in riƙe, ya isa, kada Ummanka ta gane ba mu shirya ba, ko da yake ta gane. Ban kuma ce ka yafe mini a kan wannan takarda ba. Magana ce, kuma ka san ubanka da magana. A bangon littafin ta ciki na maƙala wata 'yar takarda, na ja layi ɗaya na rubuta ranar taron, na bar gurbin babu komai. Ka cire ta kafin ka miƙa littafin. Bayan taro kada ka tambaye ni. Ka kira Lawal, lambarsa tana baya, ka tambaye shi abin da ya gani da idonsa. Abin da ya faɗa shi za ka rubuta. In ban miƙe ba ka rubuta ban miƙe ba.

An kira la'asar, kuma akwai jini yana jira na a Nasiriyya. Na sunkuya na duba: huɗu.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ka daga sharrin baki da sharrin taro, Ya buɗe maka karatu, Ya sa ka fi ni. Wannan ta ƙarshen ba ta da wuyar amsawa. Ka riƙe sallah, ka ci abinci, ka riƙa kiran Ummanka. Na ba wa Allah ajiyarka.

Wassalam.

Ubanka,
Garba direba